Kada Ka Mai Da Gona Bulala

Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Daga mahaifinka a Karaye, zuwa ga ɗana Malam Hamisu, sabon malamin elementare a ƙasar Rogo. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fata ka sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ka, mutanen garin kuma sun karɓe ka hannu biyu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah Ya tsare ka a baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Ka ga na rubuta maka Malam. To, kada kanka ya kumbura, a takarda ne kawai. In ka zo gida Hamisu kake.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba, duk wanda ya zo cin kasuwa zai ba ka wannan. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar da ka tashi, na kuma kasa faɗa maka ido da ido.

Ka tuna da safen nan a zaure, ana ɗaure maka kaya a bayan keke. Kawunka Ado ya tambaye ka yadda za ka yi da gonar da aka yanka wa makarantar, tunda an ce kai ne za ka riƙa fita da yara kana koya musu sanin ƙasa da shuka. Ka yi dariya ka ce, "Ai abin ya zo da sauƙi, Kawu. Wanda ya makara da wanda ya yi surutu, su za su nome ta." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa iyakarta haƙori. Muryata na ji tana fitowa daga bakinka.

Hamisu, 'ya'yan manoma aka damƙa maka. Ɗaya ko biyu za su zama malamai irinka, sauran duk gona za su koma, da ita za su ci da iyalinsu. In ka mai da gona wurin horon masu laifi, za ka sallame su suna ƙin abin da zai riƙe su har tsufa. Na san haka za a yi, don na gwada a gidana na ga sakamakon. Saboda haka ka gyara zama, zan kwance maka wautata, kai kuma ka tsinci abin tsinta. Ba na shakkar hankalinka, ka fi ni saurin fahimta tun kana ƙarami.

Ka san na yi shekaru ina aikin malamin gona. Abin da ba ka sani ba shi ne irin girman kan da na fara aikin da shi. 'Yan watanni kawai na yi a gonar gwaji ana koya mana, na dawo da wandon kaki da igiyar awo da ɗan littafi a aljihu, ina ji kamar ni na ƙirƙiri fartanya. Daga Karaye zuwa Tudun Kaya, daga can har Rogo Ruma, ina tafe a keke ina gyara wa dattawa noma. Mutumin da ya haifi sa'an ubana sai in tsaya masa a ka, in ce shukarsa ba ta miƙe ba. Allah Ya yafe mana.

Aka ba ni garmar shanu don in nuna wa mutane, na ce da gonar kakanka ta Tudun Kaya zan fara. A lokacin akwai gawo huɗu a cikinta, manya, tun na kakanni. Garma ta riƙa sarƙewa a saiwarsu, kunya tana karkacewa, ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar karkatacciyar kunya. Na kira masu gatari, kwana uku suka kwantar da su duka. Maƙwabcin gonarmu, tsoho Mati, ya dogaro sandarsa ya zo ya zauna a kan kututture ɗaya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya tambaye ni laifin da itatuwan suka yi. Na zaro littafi na gaya masa inuwa tana hana shuka girma. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin inuwar gawo da damina?"

Wallahi ban taɓa ɗaga kai na duba ba. A gindin itatuwan nan na yi rarrafe, amma sai ranar, a bakin Mati, na san gawo ganyensa yake zubarwa idan ruwa ya sauka, ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani ne yake yin ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa suna ci, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na ko'ina zangarniya. Littafin bai yi ƙarya ba, wasu itatuwan yake nufi. Ni ne na karanta takarda na ƙi karanta abin da ke bisa kaina. Ko a lokacin ban ba Mati gaskiya ba, na ce masa zamani ya canja, na hau kekena.

To, ga abin da za ka yi. Ranar farko da za ka fita da yaran, kada kowa ya ɗauki fartanya. Ka kai su gindin gawo, ƙasar Rogo ba a rasa shi. Ka ce su ɗaga kai su faɗi abin da suka gani, su sunkuya su faɗi abin da suka gani. Kowa ya tono ƙasa cikin tafinsa daga gindin itacen, ya je fili ya tono wata, su haɗa su duba launi, su murza, su sansana. Ka samo sakaina biyu ka huda, ka zuba wannan ƙasa a ɗaya, waccan a ɗaya, su tsiyaya ruwa su ga wadda ta riƙe shi da wadda ta sake shi nan take. Kada ka yi saurin gaya musu dalili. Na san halin malamai, bakinku ƙaiƙayi yake yi in kun san amsa. Ka danne, ka bar su su yi gardama har wani ya faɗo kanta. In rani ya yi ka sake kai su gindin itacen nan, su ga ya sauya kaya.

Wautata ba ta tsaya nan ba. Da na gama da itatuwa sai na shiga tsabta. Ina so gonata ta zama tas kamar tsakar gida, duk wanda ya wuce ya san ta ma'aikaci ce. Bayan kaka na tara karare da ganye na cinna musu wuta. Fulanin da suka saba kafa mashekari a gonar tun zamanin kakanka, suna kwana da shanunsu su bar mana taki, na ce su gusa, wai suna tattake mini kunyoyi. Na ga gara tana cin ragowar kara, na sa aka farfasa shurin da ke gefe. Sannan na zuba gyaɗa zalla, layi-layi, babu wake babu dawa, shekara uku a jere, don ita ake yayi, ita kuma manya suke son gani.

Shekarar farko na yi ta baza kafaɗa a kasuwa. Ta biyu abin ya ragu, na ce ruwa ne bai yi ba. Ta uku ƙasar ta yi fari fat, ta daskare, in an yi ruwa sai ya bi ta kai da gudu, har ya fara yanka kwari a ƙasan gonar. Da na koma dawa, ƙuduji ya taso ya shaƙe ta tun tana gwiwa. Gonar Mati kuwa, wadda nake nuna wa mutane ina cewa kada su yi irinta, gero ne da dawa da wake da kabewa duk a cakuɗe, ga karare zube ko'ina. Da kaka jakinsa ya yi ta safara har ya gaji, ni kuwa a ka aka kwaso nawa. Wannan karon da ƙafata na je na durƙusa na gaishe shi. Bai yi mini gori ba. Ya tumɓuko wake ɗaya ya nuna mini 'yan ƙulalai a jikin saiwarsa, ya ce shi dai bai san sunansu ba, amma duk inda wake ya kwana, dawar baɗi takan yi kyau. Ya ɗaga wani ruɓaɓɓen kara ya nuna mini yadda gara ta ja shi cikin ƙasa ta bar ƙofofi, ya ce ta nan ruwa yake shiga. Shekara nawa na yi ina gyaran abin da na ɓata, kai shaida ne, da kai aka yi ta jidar taki.

Abin da na gane, kuma nake so yaranka su gane tun da wuri, shi ne gona ba shuka kaɗai ba ce. Jama'a ce guda, kowa da aikinsa, in ka kori ɗaya sai aikinsa ya dawo wuyanka. Wannan kuwa ba a koyar da shi a jikin allo. Ka fita da su bayan an ɗauke ruwa, su kifa ɓangaren ƙasa su ga tana. Su tumɓuke wake da gyaɗa su wanke saiwar su duba. Su tono ƙuduji a hankali har su ga inda ya liƙe wa saiwar dawa yana tsotso. Su zauna shiru kusa da furen kabewa da hantsi su ga wanda yake shiga yana fita da gari a ƙafa. Su bi garke daga nesa su ga abin da balbela take tsinta. In sun kama kwaɗo, kafin su jefe shi da dutse, ka ce su bari su ga abincinsa. Ku haƙa rami a gefen gona ku riƙa zuba shara da toka da kashin awaki, bayan wata biyu su sa hannu su ji ɗumi. In an yi ruwa mai ƙarfi kuwa, ku bi sawunsa ku ga inda ya kwashi ƙasa da inda ya ajiye ta, daga nan su da kansu za su gaya maka ta inda ya kamata kunya ta gitta.

Kuma ka nemi Matin garin, kowane gari yana da nasa. Ka je har gida ka gaishe shi, ka cire takalmi, ka roƙe shi ya zo ya zauna da yaran a bakin gona. Tsofaffin mata ma kada ka raina su. Ciyawar da kai za ka ce a nome, su za su gaya maka wannan tafasa ce da ake kwaɗawa a ci, waccan maganin ciki ce. Abin da suka faɗa ka gwada shi da abin da ke littafinka. Inda suka dace, madalla. Inda suka saɓa, ku raba fili biyu ku shuka, yara su ga wanda ƙasa ta gaskata. Ba duk maganar tsofaffi ce daidai ba, Mati kansa ya yi imani kukan wani tsuntsu ne yake kawo tsutsa, har ya rasu ban iya raba shi da wannan ba.

Iyaye za su zo maka, wannan ka sa a ranka. Za su ce da ƙyar suka yarda suka ba da 'ya'yansu boko, in noma ne ai akwai shi a gida. Kada ka yi fushi, kada kuma ka yi musu Turanci. Ka ba su tabarma, ka kira ɗan mutum ya zo ya nuna wa ubansa sakainar nan biyu, ya yi bayani da bakinsa. Manomi ba ya gardama da ƙasar da ya murza a hannunsa. Zai tashi yana gunaguni don kada a ce ya sauko, amma gobe za ka ga yaron ya zo.

Yanzu saura wadda ta fi nauyi, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami.

Kana ɗan shekara tara na yanka maka gayauna a kusurwar gonar Tudun Kaya, can ƙasa wajen kwarin, kamar yadda kowane uba yake yanka wa ɗansa ɗan fili ya ce nasa ne, abin da ya noma nasa. Ka yi murna har ka kasa cin tuwo. Amma ba ka yi ta yadda na koya maka ba. Ka zuba gero nan, wake can, kuɓewa a tsakiya, babu layi babu awo. Ka sami wani ɗan tsiron gawo ka kewaye shi da ƙaya. Ka binne fasasshiyar tukunya kana zuba mata ruwa. In na waiwaya daga inda nake aiki sai in hango ka kwance rub da ciki, haɓa a ƙasa, kana kallon abin da ban sani ba. Sau uku a daminar nan ka zo ka kama mini gefen riga ka ce, "Baba, zo ka gani." Sau uku ina ce maka sai an jima.

Sai saƙo ya zo cewa Baturen gona zai biyo rangadi, zai tsaya ya duba gonata, tunda ita ake nuna wa mutane. Na zaga gonar ina dubawa, ko'ina a miƙe, sai kusurwarka. Na tsaya ina kallonta, kunya ta kama ni, wai kada a ce ɗan malamin gona ne ya yi wannan hargitsi. Washegari kana makarantar allo na ɗaura wa shanu garma na bi ta kai. Ban ɗauki lokacin shan fura ba na gama. Geron ya kai ƙugu a lokacin.

Da ka zo ka tsaya a bakin wurin. Ina jira ka yi kuka in daka maka tsawa, abin ya wuce. Ba ka yi ba. Sai ka ɗauki 'yar hauyarka ka koma gida ka rataye ta a zaure. Baturen ya zo bayan kwana biyu. Daga bakin hanya ya tsaya, ya dubi gonar, ya rubuta wani abu, ya hau dokinsa. Ko rabin gonar bai shiga ba, balle ya kai kusurwar.

Daga ranar ba ka sake taɓa hauya ba sai an sa ka. Ni kuwa maimakon in gane, sai na ce lalaci ne ya kama ka. Na shiga yi maka horo da abin da na raba ka da shi. In ka yi jinkirin aike, kunya biyar. In ka yi faɗa da ƙanenka, kunya goma, cikin rana, ina tsaye. Mahaifiyarka ta yi mini magana ba sau ɗaya ba, na ce mata tarbiyya nake yi. Da aka zo ɗaukar yara boko, kai kaɗai ne a unguwarmu ba ka ɓuya ba, mutane suna ta yaba mini wai ɗana yana son ilimi. Ni na san gudu kake yi, na kuma san abin da kake gudu.

Saboda haka ga shawarata, kuma ina da yaƙinin za ta yi. Ka nemi izinin hedimasta ka raba gefen gonar makarantar gayauna-gayauna, kowane yaro da tasa, ko da taku uku ce. Ya shuka abin da ya ga dama yadda ya ga dama. Wanda tasa ta lalace, ku tsuguna tare ku binciki dalili, shi ma karatu ne. Wanda ya makara ka nema masa wani horon, ba za ka rasa ba, amma kada ya shafi ƙasa. Ranar da aka ce manya za su zo dubawa, za ka ji abin da na ji, idonka zai kai kan wadda ta fi hargitsi, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ka bar ta yadda take. In an tambaye ka, ka kira mai ita ya yi bayani. In an yi maka faɗa ka shanye, faɗan manya kwana biyu ne ya wuce. In kuwa yaro ya kama maka riga ya ce ka zo ka gani, ka ajiye allin hannunka ka bi shi a lokacin.

Na san za ka iya, Hamisu. Yaron da ya kewaye tsiron gawo da ƙaya ba tare da kowa ya gaya masa ba, alhali ubansa mai littafi ya sare manya huɗu, ba zai kasa koya wa yara kallon ƙasa ba. Idon nan yana nan tare da kai, ni ne na sa ka rufe shi.

Na zalunce ka, ka yafe mini. Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa haka ba, ga shi na rubuta da hannuna. Sannan ina da tambaya, ta makara shekara goma sha biyu, amma ina so in yi ta. Me kake so ka nuna mini a gayaunar nan? In kana tune, ka rubuto mini, komai ƙanƙantarsa, zan karanta a nutse. In kuma ka manta, kada ka ƙirƙiro wani abu don ka faranta mini rai. Ka rubuto ka ce ka manta, in san iyakar ɓarnar da na yi.

Allah Ya kiyaye ka a fitarka da shigarka, Ya tsare ka daga ciwo da sharrin mutum, Ya sa yaran mutane su amfana a hannunka. Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaishe mini da hedimasta da maigidan da ya sauke ka.

Iyakar abin da ke raina ke nan. Wassalam.

Mahaifinka.